Ƙeyar Magajin Gari

Har in koma ga Mahaliccina ba ni mantawa da Talatar da anka kira ni biro, wato ofis, don in faɗi dalilin da ya sa na tofa wa magajin gari yawu a gaban perfe. Ku da kunka shigo aikin nan bayanmu kun ji labarin a bakin direbobi, kowa da irin gishirin da ya zuba. To yau ku ji shi daga mai shi. Ni ne Alkasum tafinta, kuma wallahi ban tofa wa kowa yawu ba. Shaiɗan na tofa wa, Alhaji ne ya tsaya a wurin.

Bari in fara da yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, tana cikin yankin Buza, ba sai na kama sunanta ba. Magajin garinmu a lokacin, Alhaji Maman, ɗan garin ne, Hausa ya sha a nono. Jama'ar da ke taruwa Hausa suke ji, har Buzaye da Fulanin cikinsu da ita suke ciniki. Perfe ma, wato wakilin gwamnati da ke sama da mu, Bahaushe ne. Amma ƙa'ida ta ce jawabin hukuma da Faransanci ake yin shi. Don haka sakatare janar, Mushe Sani, shi ke rubutawa, Alhaji ya karanta yana tuntuɓe, ni kuma in mayar wa mutane da Hausa. Sau da yawa a bakina Alhaji ke fara jin abin da ya yi alkawari. Ya taɓa juyowa tsakiyar taro ya raɗa mani, "Kai, har da asibiti na ce?" Na ce, "Har da shi, ranka shi daɗe."

Wurin tsayuwar tafinta ma a tsare yake. Hannun dama na mai jawabi, ɗan baya kaɗan, yadda ba za ka tare shi a hoto ba. Hagunshi na manyan baƙi ne. Ke nan duk tsawon aikina abin da ke gabana shi ne ƙeyar Alhaji. Ƙeya ce ta mai ci da ƙoshi, mai ninki biyu, kullum da sabon aski, in rana ta yi sai ta riƙa sheƙi ƙarƙashin hula.

Ku riƙe wani abu kafin in ci gaba, ina son mutumin nan. Lokacin da na dawo daga biɗa, wato ci-rani, a Abijan ba ni da komi sai Faransanci da tari, shi ya ɗauke ni aiki. Ranar da naƙuda ta yi wa matata Hadiza gardama, motarshi ya bayar anka kai ta Madawa, shi ya tafi taro bisa babur ɗin wani. Kuma ni ba ma'aikacin gwamnati ba ne, na komin ne. Magajin gari ke ɗauka, shi ke sallama, ba wanda zai tambaye shi.

Abin ya fara ne ranar da munka je buɗe rumbun tsimi a wani ƙauye, bayan girbi. Alhaji na karatu, ni ina jiran ya kai aya, sai wani abu ya ce mani cikin kai, "Mari ƙeyar nan." Haka kawai, ba sallama. Har ƙarar na ji, tas! Nan take na ɓatar da jimla guda cikakkiya, sai na cike gurbin da cewa magajin gari na gaishe da kowa da kowa. Na ce a raina, Alkasum, wane irin ɗan banza ne kai? Mutumin da ya rufa maka asiri?

Da na bar shi nan, da wataƙila ya wuce kamar yadda tunanin banza ke wucewa. Amma ina! Na ce sai na ga bayanshi. Na sa wa kaina doka, daga yau ba ni sake tunanin ƙeyar Alhaji. Wanda duk ya taɓa sa wa kanshi irin wannan doka ya san abin da ke biyo baya. Ina alwala, ƙeya. Ina cin tuwo, ƙeya. Na ga kabewa a kasuwa, ƙeya. Duk yadda na kore shi sai ya dawo ya fi da ƙarfi, har na fara tsoron hannuna na dama kamar na wani ne anka ara mani.

Sai na shiga dabaru. Na fara harɗe hannuwa a baya in ana jawabi. Na ga bai isa ba, na cusa su cikin aljihun riga na damƙe. Na riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan, har wata rana igiyar mikoro ta ƙare. A mota wurin zamana bayan kujerar Alhaji yake, ƙeyar na kusa da hancina, sai na ce iska nake so, na koma bayan mota wurin kujeru da lasifika. Shayin da muke sha a ƙofar gidanshi bayan la'asar ma na daina zuwa.

Abin da na manta shi ne, a lameri, wato ma'aikatar magajin gari, ba a auna mutum da aikinshi. Da tazarar da ke tsakaninshi da magajin gari ake auna shi, kuma kowa na da ma'auni a ido. Ga zaɓe na matsowa. Kafin wata ya ƙare magana ta gama gari, wai Alkasum ya koma wajen 'yan adawa. Mushe Sani, wanda dama bai taɓa yafe mani ba don mutane sun fi tafa wa fassarata bisa rubutunshi, ya fara gaishe ni da, "Tafinta, ina labarin sabbin abokanka?" Ni ko in yi murmushi in wuce.

Da abin ya ishe ni na tafi wurin Malam Idi, limamin unguwarmu. Kunya ta hana ni faɗin zancen ƙeya, na ce dai wani mugun tunani ke zo mani wanda ba ni so. Malam ya ce, "Wanga waswasi ne. Tunda kana ƙin shi, ba naka ba ne. In ya zo ka nemi tsari, ka yi tofi sau uku ta hagunka, ka ci gaba da abin da kake yi. Kada ka zauna kana jayayya da shi." Magana mai kyau ya faɗa mani. Sai dai ni na ɗauki tofin na bar sauran a tabarmarshi.

Ba a daɗe ba anka sa ranar aza tubalin hanyar da za ta haɗa ƙauyukanmu da kasuwar Buza. Hanyar nan, tun ina yaro ake aza mata tubali. In da an tara tubalan da anka aza mata da sun gina aji biyu. Anka kafa rumfuna, makaɗa sunka zo, perfe ya iso da jandarmominshi. Mushe Sani ya kama ni gefe ya ce, "Yau in ka tsaya nesa da shi, ka san sauran." Na je na tsaya inda ƙa'ida ta ce, ƙeya na gabana tana tsiyayar zufa.

Alhaji ya karanta har ya kai wurin da ke cewa kafin damina mai zuwa mota za ta riƙa shiga kowane ƙauye, ko da ruwa ya kwana yana zuba. Ya yi shiru don in fassara. Na fassara tsaf. Ina rufe baki abin nan ya taso mani da ƙarfin da bai taɓa yi ba, "Yanzu! Gaban perfe! Tas!" Na ruɗe. Na manta mikoro na bakina. Na ce, "A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim!" Na juya hagu na yi tuf, tuf, tuf. To wa ke haguna? Alhaji.

Lasifika huɗu sunka kai a'uziyyar nan da tofin har bakin rijiya. Sai wani tsoho daga cikin jama'a ya ɗaga sanda ya ce, "Allah shi yi maka albarka, tafinta! Mu ma abin da munka ce ke nan!" Ai sai dariya ta ɓarke, mata na guɗa, konseyen adawa, wato kansilolinsu, na tafi har da miƙewa tsaye. Perfe ya sunkuyar da kai yana duban takalminshi kamar yau ya fara ganinsu. Alhaji bai juyo ba. Ya sa hannu ya share kafaɗarshi, alhali ko ɗigo bai taɓa shi ba, ya ci gaba da karatu.

Kafin magariba na zama jarumi. Mutanen da ba su taɓa gaishe ni ba sunka riƙa tsayar da babur suna cewa, "Namiji! Ka faɗi abin da ke ran talakawa." 'Yan adawa sunka aiko mani da buhun albasa. Na ce a mayar masu da abinsu, Hadiza ta ce ta riga ta yanka biyu a miya. Na koma wurin Malam Idi ina huci, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Na ce ka yi tofi ta hagu, amma ai mutum na duba wa ke hagun. Kuma sauran maganar da na faɗa maka, ina ka kai ta?"

Anka sanar da ni in zo biro ranar Talata. Kwanakin da ke tsakani ban iya cin abinci ba, kaina na sarawa, sai na tafi likita, ɗakin shan maganinmu, a auna mani tansiyo, wato hawan jini. Majo ɗinmu, wato shugabar likitar, Madam Rahila ce, Kirista, ta daɗe tana aiki a asibitin mishan kafin a kawo ta wurinmu. Ta ɗaura mani abin awo ta ce, "Baba Alkasum, jininka bai hau don Allah ba. Mi ke cin ka?" Ban san yadda anka yi ba, sai na ji bakina ya buɗe. Na faɗa mata duka, har ƙeyar, har tas ɗin. Ina faɗi ina hawaye, ni da furfurata.

Na zaci za ta yi dariya ko ta rubuta mani takardar zuwa wurin masu taɓin hankali. Sai ta ce, "Sau nawa ka mare shi?" Na ce, "Subhanallahi, ko sau ɗaya!" Ta ce, "To ni duk jaririn da na karɓa a ɗakin haihuwa, wata rana sai wani abu ya ce mani, in kin sake shi fa? Ɗiyan da na karɓa yau wasu na da nasu ɗiyan, ban taɓa sakin ko ɗaya ba. Kai na ɗan Adam haka yake, yana jeho shara. Mai niyyar mari ba ya zuwa likita yana kuka. Gudun da kake yi ne ke ciyar da abin. Bar shi ya zo, kada ka kore shi, kada ka ba shi amsa, ka tsaya inda kake tsoron tsayawa. In ya ci gaba da hana ka barci ka dawo, akwai taimakon da ake yi, ba abin kunya ba ne." Na fito ina mamaki, liman da majo, kowa da littafinshi, amma maganarsu ɗaya.

Ranar Talata na shiga biro. Yadda ake yi, ana fara jin bayanin ma'aikaci a gaban shaidu, sannan a yanke ko gargaɗi ko dakatarwa ko sallama. Ni tawa sallamar Mushe Sani ya riga ya buga ta, tana gaban Alhaji, sa hannu kawai take jira. Ga konseye biyu zaune a matsayin shaidu. Mushe Sani ya gyara tabarau ya ce, "Wa ya sa ka? Mi anka ba ka ban da albasa?"

Da shi kaɗai ne da na iya da shi. Amma sai Alhaji ya ɗago kai, ba fushi a fuskarshi, ya ce, "Alkasum, mi na yi maka?" Wannan tambaya ta fi mani zafi bisa sallamar. Na tsaya ina lissafi. In na ce adawa na shiga, an kore ni amma da mutuncina, don a lameri cin amana ba abin kunya ba ne, bayan zaɓe ma yafe shi ake yi. In na faɗi gaskiya, na zama mahaukacin gari. Amma in na yi shiru, mutumin nan zai tafi kabari yana ganin na saka mashi alheri da tofi. Wannan ne ban iya ɗauka ba.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba ni da wata jam'iyya. Wata da watanni ke nan, duk lokacin da na tsaya bayanka, wani abu na ce mani in mari ƙeyarka. Ni ko ba ni so. Shi ya sa nake gudunka, shi ya sa na yi tofi."

Konseye ɗaya ya ƙware da ruwan da yake sha. Mushe Sani ya dakata da rubutu ya ce, "Tsaya. Ka mare shi?" Na ce a'a. "Ka yi niyya?" Na ce a'a. "To wa ya ce ka mare shi?" Na ce ba kowa. Ya jawo littafin dokokin ma'aikata ya shiga buɗawa, gaba da baya, yana neman babin marin da ba a yi ba, wanda ba a yi niyya ba, kuma ba wanda ya sa. Da bai samu ba ya ce a ganinshi a kafa kwamiti. Alhaji ya ce, "Ku ba mu wuri."

Da sunka fita ya tashi ya rufe ƙofa. Ya cire hula ya aje bisa tebur, ya juya mani baya ya ce, "Zo ka tsaya inda ka saba." Na matso. Ya ce, "Fid da hannunka daga aljihu. Ga ta nan." Abin nan ya taso, "Tas! Tas!" Na tuna maganar majo, ban kore shi ba, ban yi tofi ba, na tsaya kawai ina jin shi yana ta ihu. Hannuna na nan rataye, ko motsi bai yi ba. Munka daɗe a haka, har ihun ya fara rage ƙarfi, har na lura wanzamin Alhaji ya bar wani ɗan gashi bayan kunne.

Ya mayar da hularshi ya zauna. Ya ce, "In ka faɗa wa wani abin da zan gaya maka, ranar nan zan sa hannu ga takardar ga. Duk ranar da anka miƙa mani almakashi in yanke ƙyallen buɗe wani wuri, wani abu na ce mani in yanke karabat ɗin da perfe ke ɗaurawa a wuya." Na ce, "Ranka shi daɗe, shi ya sa kake saurin mayar da almakashin?" Ya ce, "Shi ya sa." Munka yi dariya har Mushe Sani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ji ko lafiya. Yau na faɗa maku don ba sauran takardar da za a sa wa hannu.

Washegari anka sanar a hukumance cewa tari ne ya sarƙe tafinta. 'Yan adawa sunka aiko a mayar masu da albasarsu.

Kada ku ce daga ranar abin ya tafi. Bai tafi ba, har yau yana leƙowa. Abin da ya canza shi ne na gane ko wane ne shi. Na yi shekaru ina fassara alkawarin rijiya, ban taɓa ɗaukar guga na bi mai jawabi ba, don na san magana ce. To mi ya sa wannan muryar kaɗai na gaskata? Sai na sa mata suna ɗan takara. In ta taso ta ce, "Mari!" sai in ba ta amsar da mutanen ƙauye ke ba duk mai alkawari, "Mun ji, Allah shi kai mu," in ci gaba da aikina. Aikin tafinta ke nan ko a cikin kanshi, ba duk abin da ya shiga kunne ba ne naka, kuma ba kowace magana ake kai wa hannu ba.

Alhaji ya faɗi zaɓen nan. Hanya ko, an sake aza mata tubali bara. Bayan shekara biyu da saukar Alhaji hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinshi ya mutu. Masu rige-rigen tsayawa kusa da shi duk sunka koma auna tazararsu da sabon magajin gari, Mushe Sani a sahun gaba. Ƙofar gidan da ake shan shayi ta koma sai awaki. Ni da anka ce na gudu, ni ke zuwa bayan la'asar.

Wata rana na tarar ana son ba shi kunu, ba namiji kusa da zai ɗaga shi. Na durƙusa na sa hannuna na dama ƙarƙashin kanshi na tallabo shi. Ƙeyar nan ta rame, ninkin ya tafi, sai fata da ƙashi. Wannan ne karo na farko da hannuna ya taɓa ta. Ɗan takara ya leƙo, ko kunya babu, na ce mashi mun ji. Alhaji ya dube ni da idon da ke aiki, bakinshi a karkace, da ƙyar ya haɗa maganar ya ce, "Yau dai ga ta a hannunka."

Na ce, "Sha kununka, ranka shi daɗe." Na riƙe ta har ya shanye.